Na kai kunkuru asibitin dabbobi: likitan ya san aikinsa, amma kada ku bar yaronsa da sirinji

Da a ranar farko na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta. Kunkurun irin namu ne na yankin Sahel, mai ƙaya a cinya, wanda ake sakewa a tsakar gida, nauyinsa kilo 2.4. Kwana tara ya yi bai taɓa abinci ba a tsakiyar Disamba. Duk mai kunkuru a Katsina ya san idan hunturu ya kankama cinsa kan ragu, don jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa, zafin inda yake kwance shi ne zafin cikinsa. Amma ragin ci daban, ƙin ci ɗungurungum daban. Wannan jinsin ba ya dogon barcin sanyi irin na kunkurun Turai. A daji rami yake haƙawa mai zurfi ya shige, a gidan siminti kuwa ba shi da inda zai haƙa.

Likitan bai yi gaggawar ɗauko allura ba, abin da ya fara burge ni ke nan. Ya ɗora shi a sikeli ya rubuta nauyin. Ya haska hancinsa da tocila, sai ga ƴar kumfa tana fitowa tana komawa da numfashi. Ya buɗe bakin a hankali ya duba ko akwai farin ƙullutu ko kumburi, babu. Ya cusa yatsa ta ramin ƙafar baya yana laluben dutsen mafitsara, wanda rashin ruwa ke jawo wa wannan jinsin sosai. Sannan ya ajiye shi ƙasa ya ga ko yana ɗaga cikinsa idan zai yi tafiya ko jan jiki yake. Tambaya ɗaya ya yi: "Alhaji, a kan siminti yake kwana?" Sanyi ne ya shiga, ya zama ciwon hanyar numfashi. Kunkuru ba ya iya tari, saboda haka majinar da ta taru ba ta da mafita, kuma huhunsa a sama yake, daf da ƙoƙon baya. Shi ya sa ba a kifa shi a irin wannan hali.

Maganin da ya rubuta enrofloxacin ne, allurar kashe ƙwayoyin cuta, miligiram 5 a kowane kilo, bayan kowace awa 48. A kwalba mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, abin da ya kama 0.12 ml ke nan, ɗan ɗigon da sai da sirinjin masu ciwon suga ake iya auna shi daidai. A ƙafar gaba ake yi, yau dama, jibi hagu, saboda maganin yana da zafi kuma yana iya ɓata naman wurin. Ya kuma nanata cewa allura a jikin kunkuru mai sanyi asarar kuɗi ce. Sai an ɗumama shi jini zai zagaya da maganin. Ɓangare ɗaya na makwancinsa ya kai digiri 32 zuwa 35 da rana, ɗaya ɓangaren a bar shi da sauƙi don ya samu wurin gudu, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da 26 muddin yana jinya. Kullum da hantsi a zaunar da shi cikin baho na minti 20, ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri, tsayinsa iya haɓa, kada ya kai hanci. A nan yake sha, a nan yake kashi, a nan kuma ake ganin farin abin da yake fitarwa tare da fitsari. Idan ya fito laushi kamar man goge baki, ruwan jikinsa ya isa. Idan ya fito da tsakuwa-tsakuwa, a ƙara yawan jiƙawa.

Har nan ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Ranar allura ta uku likitan ya fita duba shanu, yaron da ke tsaron kanta ne kaɗai. An riga an kai kashin kunkurun an duba a madubin likita, an ga ƙwan tsutsa, kuma an rubuta hakan a kati. Yaron ya karanta, ya ga kalmar tsutsa, ya juya ya sauko da kwalbar ivermectin, wadda ake yi wa tumaki da shanu ta ƙwari da tsutsa. Ya zuƙi rabin ml, ya kama ƙafar kunkurun. Tambarin kwalbar na hango, shi ya sa na riƙe masa hannu. Amsar da ya ba ni ita ce ta fi ɓata min rai: "Baba, ai shi muke yi wa kowace dabba."

To ba kowace dabba ba. Ivermectin guba ce ga kunkuru, na tudu da na ruwa, kuma tun 1983 likitocin dabbobi a Amurka suka tabbatar da haka a rubuce. A jikin saniya maganin ba ya ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa, a jikin kunkuru yana ratsawa. Ƙafafu su saki, wuya ya saki ya kasa komawa ciki, daga nan naman da ke jan numfashi ya tsaya. Babu allurar da ke karya shi. Ku kuma duba lissafin: kwalbar kashi 1 cikin ɗari tana da miligiram 10 a kowane ml, ana yi wa saniya ml ɗaya a kan kilo 50. Rabin ml a jikin dabba mai kilo 2.4 ya haura miligiram 2 a kowane kilo, ninki goma na ma'aunin saniya. Ko ɗan akuya ne mai wannan nauyin an zarce ƙima, balle dabbar da kaɗan ma ke shanye ta. Yaron bai duba sikeli ba, bai kira maigidansa a waya ba, bai ma lura cewa a ƙasan katin likitan ya rubuta wani maganin tsutsar daban, fenbendazole, ta baki, kuma sai bayan kunkurun ya koma cin abinci.

Ba yaron nake zargi sosai ba, abin da ya saba gani yake yi. Wanda ya bar masa kanta da sirinji da katin marasa lafiya shi ke da alhaki. Da likitan ya dawo ya ji, ya ba da haƙuri, ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya yafe kuɗin allurar ranar. Na karɓi haƙurin. Sai dai yawancin masu kawo kunkuru yara ake aikowa da shi a kwali, ko dattijon da ya gaji dabbar a gida, ba wanda zai tsaya karanta tambarin kwalba. In aka yi wa kunkurunsu irin wannan allura, bayan kwana biyu ya mutu, a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa.

Tunda na fara, bari in faɗi na ƙwan ɗumi ma, wanda da na yi niyyar yin shiru a kansa. A kantin nasu suka sayar min da jan ƙwan nan na ɗumama ƴan tsaki, mai wat 250, haɗe da mariƙi na roba. Wannan ƙwan na ɗakin kaji ne, ya fi ƙarfin akwatin kunkuru ɗaya. Cikin awa guda robar ta fara wari tana laushi, ma'aunin zafi kuma ya wuce 45 a daidai tsayin bayan kunkurun. Mai wat 100 ya wadatar, a mariƙi na tangaran, a rataye shi da waya mai ƙarfi kamar santimita 40 daga ƙoƙon baya, a gefe ɗaya na akwatin. Ma'aunin a ajiye shi inda dabbar take kwanciya, kada a manna shi a bango. Idan an ɗauke wuta cikin dare, jarkar ruwan zafi da aka naɗe da tawul ta fi kaskon gawayi, don hayaƙi a rufaffen ɗaki zai ƙarasa huhun da dama yake wahala. Kuma jan ƙwai ba ya maye gurbin rana. Hasken da ke sa jikinsa ya sarrafa sinadarin ƙashi ba ya ratsa gilashin taga, sai an fitar da shi waje tsakanin ƙarfe 11 da 1, a lungun da iska ba ta bugawa, da ƴar inuwa kusa. Babu wanda ya faɗi wannan a kantin.

A rana ta shida da fara ɗumi da allura kumfar hancin ta tsaya. A ta takwas ya ciji ɓallin kankana, wadda jan launinta ke jan hankalinsu, amma ta buɗe baki ce kawai, yawanta na kawo zawo. Daga nan aka koma ɗanyar ciyawa da ganyen kabewa da ɗan latas na ƴan lambu, ana barbaɗa garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka, sau biyu a mako. Tuwo da shinkafa da sauran kwano, waɗanda su ne abincin kunkuru a gidaje da yawa, an daina. Ya sauka zuwa kilo 2.25, yanzu ya fara hawa, ana auna shi duk Juma'a a sikeli ɗaya.

Zan sake zuwa, don a garin nan ban ga wanda ya duba kunkuru da irin natsuwar likitan ba, kuma in ana buƙatar hoton ciki shi da kansa ya ce sai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Amma sai na kira na tabbatar yana nan kafin in fito, kuma duk kwalbar da za a zuƙa sai an miƙo min na karanta sunanta tukuna.