Ganyen Kabeji da Burokoli ko Ƙwayoyin Ƙari: Wanne Ya Dace da Kai?

An sha tambayata: a ci kabeji da burokoli (wani kayan lambu kore, dangin kabeji) ne, ko a sayi ƙwayoyin da aka tace daga cikinsu?

Sinadarin da ake yabo shi ne sulforafen, wanda masana a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gano a burokoli a 1992. Ba ya fitowa sai an yanka ganyen ko an tauna shi, kuma dahuwa mai tsawo tana rage shi sosai. Shi ya sa na fi son a turara shi kaɗan, a sauke yana kore shar. Ganyen ya fi araha, ga harza mai gyara ciki, ga bitamin C da K.

Ƙwayar ta fi sauƙi, haɗiya kawai. Amma tana da tsada, ƙarfinta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma a Amurka hukumar magunguna ba ta tantance ta kafin a sayar.

Mai lafiya da ke girki, ganyen ya ishe shi. Ƙwayar ta dace da wanda ganyen ke kumbura masa ciki, bayan ya nemi shawarar likita. Mai shan warfarin kuwa, wato maganin hana daskarewar jini, kada ya canza yawan ganyen da yake ci sai likita ya sani, domin bitamin K da ke cikin ganyen yana shafar aikin maganin.