Kafin ka sayi abin awon ruwa ko ƙasar garka a Maradi

Bara, da aka gama haƙa wa kawuna foraj a garkarsa ta bakin Gulbi, wani ɗan kasuwa ya sayar masa da ƴar na'ura mai kama da alƙalami. Ka tsoma bakinta a ruwa, lamba ta fito. Ya tsoma a gabana, ta nuna ɗari da wani abu, ya ce: "Ka gani? Ruwan nan ko jariri a ba shi." Na ce: "Kawu, ku ba ni kofi biyu." Na cika su da ruwan foraj ɗin. Ɗaya na barbaɗa masa gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, ɗayan na narka sukari cokali guda. Na gishirin, lamba ta yi tsalle. Na sukarin, ko gezau. Ya tsaya yana juya abin a hannu, bai ce uffan ba.

Wannan alƙalami, wanda ake rubuta TDS a jikinsa, ba ƙarya yake yi ba. Abin da aka tambaye shi ne ba nasa ba. Yana auna yadda lantarki ke ratsa ruwa, wato yawan gishiri da kanwa da danginsu da suka narke ciki. Ga mai garka yana da rana, domin ruwa mai gishiri shi ke mayar da fuskar ƙasa fari fat, albasa ta ƙi girma. Amma ba ya ganin ƙwayar cuta, ba ya ganin maganin feshi, ba ya ganin dalma. Iyakar dalma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha mikrogiram 10 ne a lita, shi kuwa alƙalamin da miligiram yake lissafi, kuma miligiram ɗaya mikrogiram 1000 ne. Kamar a ce ka auna hodar ƙunshin magani da sikelin buhunan gero.

Mu ƴan Maradi ba ma buƙatar a je nesa a kawo mana misali. Tibiri na nan kusa da mu. Ruwan rijiyar burtsatsen da aka haƙa wa garin a tsakiyar shekarun 1980 garau yake, ba wari, ba ɗanɗano, amma fulorayid ɗin da ke cikinsa, wani sinadari da ke narkowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ya ninka iyakar miligiram 1.5 a lita sau uku ko fiye. Shekara da shekaru ana sha, har ɗaruruwan yara suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe. Da an tsoma irin alƙalamin kawu a wannan ruwa, da ba abin da zai nuna da zai tada hankalin kowa. Saboda haka tun kafin a zo maganar farashi, ka san abin da kake tsoro. Mai foraj mai zurfi, fulorayid ne farkon tambayarsa. Mai rijiya gajera cikin unguwa kusa da salga, ƙwayoyin cuta da nitirat, sinadarin da ke tsiyayowa daga bayan gida da taki. Mai gonar da aka shekara ana jibge mata takin bola, ko take maƙwabtaka da masu fasa batir ko majema, ƙarafa masu guba irin su dalma da kuromiyom.

Mafi arha bayan alƙalami su ne ƴan takardun tsomawa masu canza launi. Na pH (awon tsami ko kanwar ruwa), na kulorin da na nitirat suna aiki daidai gwargwado, kuma ga manoman Jiratawa da ke zuba yuriya da NPK rani da damina, na nitirat ɗin bai kamata ya ɓace a aljihu ba. Iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma jarirai ne ya fi yi wa illa. Sai dai ka karanta jikin gwangwanin: wasu kamfanoni da nitirojin ɗin da ke cikin nitirat suke ƙirga, a nan iyakar ta koma wajen 11. Mutum zai ga 20 ya yi hamdala, alhali ya kusa ninka iyaka. Zafinmu na watan Afrilu kuma ba ya barinsu. Gwangwanin da ya yini a teburin mai talla cikin rana, ko wanda aka bari a buɗe da damina, ya tashi aiki ko da wa'adinsa bai cika ba. Su kuwa masu alkawarin auna abu goma sha shida a tsinke ɗaya, har da dalma da fulorayid, ni dai ba zan ba ɗana ruwa a kan shaidarsu ba.

Don ƙwayoyin cuta akwai ƴar kwalba mai magani a ciki: ka zuba ruwa, ka rufe, ka ajiye kwana ɗaya zuwa biyu. In ya yi baƙi, alamar ƙazantar bayan gida ce. Ba ta faɗin yawa, amma ta isa ta sa ka fara dafa ruwa ko sa masa kulorin.

Wanda zai riƙa awo a kai a kai, kamar mai masana'antar ruwan leda ko ƙungiyar manoma, fotomita ce tasa. Akwati ce ƙarama. Ka zuba ruwa a kwalbar gilashi, ka sa hoda ko ƙwayar sinadari, ruwan ya ɗauki launi, haske ya ratsa shi, na'urar ta fassara kaurin launin zuwa lamba. Ba sauran gardamar "wannan ja ne ko ruwan goro". Kamfanonin Hach, Palintest da Hanna duk suna yin ta. Wajen fulorayid, hanyar da aka fi sani ita ce SPADNS: ruwan magani ne ja, yawan fulorayid yawan kodewarsa. Galibi iyakar karatunta miligiram 2 ne, don haka ruwa irin na Tibiri sai an sirka shi da tataccen ruwa a sake awo, a ninka lissafi. Mai sayarwar da bai san wannan ba, bai san hajarsa ba.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne kuɗin magani. Na'urar sau ɗaya ake saye, sinadarin kuwa kowane awo sai ya ci nasa, kuma kowane abu da irin nasa. Na taɓa ganin fotomita sabuwa dal a kabad ɗin wata ƙungiya, an ba su kyauta, hodarta ta ƙare cikin ƴan watanni, babu mai kawo wata. Kafin ka biya, tambayi wa ke kawo sinadarin, daga Yamai ko daga Kano, cikin kwana nawa, kuma saura wata nawa wa'adinsa ya cika. Ka nemi a haɗa maka da ruwan gwaji wanda aka san adadinsa, don ka riƙa tabbatar da na'urar ba ta kauce ba.

Ta ɓangaren ƙasa, na'urar da ake ji da ita ita ce XRF ta hannu, mai siffar bindiga. A ɗora bakinta kan ƙasa, cikin minti ɗaya ko biyu ta jero dalma, arsenik da sauransu. Da irinta aka bi gida gida a ƙauyukan Zamfara bayan masifar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400. Kuɗinta miliyoyin sefa ne, tana fitar da haskoki masu buƙatar horo, kuma ba ta iya ganin ɗan abin da ke cikin ruwan sha. Ba abin sayen manomi ba ce, ta aro ce ko haya ta hannun masu bincike. Ƙasar kuma a shanya ta, a tankaɗe, domin danshi na rage lambar.

Dalma a ruwa da ragowar maganin feshi, waɗannan sai ɗakin gwaje-gwaje. Ƙarafa ana auna su da injin AAS ko ICP-MS, maganin ƙwari da injin kuromatogirafi. A nan gida ka fara tambaya a ofishin ma'aikatar ruwa na jiha, ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko tashar INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da ke Tarna in maganar ƙasa ce. A Yamai akwai LANSPEX, ɗakin gwaje-gwajen lafiyar jama'a na ƙasa. Ka ambaci abin da kake so da sunansa, kada ka ce "a duba mini ruwa" kawai. Kuma ka tambayi mafi ƙanƙantar adadin da injinsu ke iya gani. Takardar da ta ce "ba a gano dalma ba" ba ta da amfani in injin ba ya gani ƙasa da mikrogiram 50.

Rabin aikin yana hannunka tun kafin ruwan ya isa can. Ka bar famfo ya zuba na ƴan mintoci. Kwalbar ƙwayoyin cuta daga wurinsu za ka karɓo, a sa ta cikin ƙanƙara, ta isa cikin awa shida in da hali, kada dai ta wuce kwana ɗaya. Ta ƙarafa ana ɗiga mata asid, tana jure watanni, don haka ita ce ke iya bin motar Yamai hankali kwance. Ƙasa kuma ba daga wuri ɗaya ake ɗiba ba: a zaga gonar wuri goma zuwa goma sha biyar, zurfin santimita 20, a cakuɗa a bokitin roba, a ware rabin kilo.

Kawu dai ya aika ruwansa an duba fulorayid, nitirat da ƙwayoyin cuta, ya sayi gwangwanin takardun nitirat ɗaya yana ajiye shi a ɗaka, gindin randa. Alƙalamin ma bai yar ba. Yana rataye a bukkar garka, duk Juma'a yaronsa ya tsoma a bakin tiyo, ya rubuta lambar a bayan wani tsohon littafin makaranta, su ga ko gishiri na hawa in rani ya yi nisa.