Allurar Sustanon 250: wanda ta dace da shi, da inda take ɓarna

Daga wajen shekara 40, testosterone, sinadarin mazantaka na jikin namiji, yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a shekara. Sustanon 250 allura ce ta cike giɓin sinadarin ga wanda gwaji ya tabbatar yana da ƙarancinsa. Kwalbarta mililita 1 ce, cikinta nau'i huɗu na sinadarin: miligiram 30, 60, 60 da 100. Na 30 ɗin ke fara aiki, na 100 ke jan zango. A man gyaɗa aka narka su, don haka wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko waken suya kada ya kusance ta.

Ana yin ta can cikin tsokar ɗuwawu, galibi duk mako 3. Babban aibinta hawa da sauka: kwana ɗaya zuwa biyu bayan allura mutum ya ji kuzari da sha'awa sun dawo, kafin mako na uku kasala da saurin fushi su sake sallama. Wata allurar testosterone mai suna Nebido, miligiram 1000 duk mako 10 zuwa 14, ta fi ta tafiya daidai, sai dai tsada.

Sustanon ba maganin ƙarfin maza ba ce, ko da mai kemis ya rantse. Kafin a fara, a ɗebi jini da safe kafin ƙarfe 11, ba a karya ba, a ranaku biyu daban. In testosterone a jinin ya yi ƙasa da 8 nmol/L (ma'aunin gwajin), ƙaranci ne na gaske. Sama da 12, a nemi dalilin wani wuri. Teɓa, ciwon suga, rashin barci da tiramol duk suna sauke shi.

Abin da ba a cika faɗa wa magidanta ba shi ne haihuwa. Da ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya wadata daga waje, sai ta daina umartar maraina, ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani lokaci su ƙare ƙaf, kuma farfaɗowa kan ɗauki watanni bayan an daina. Mai shirin ƙara aure yana son 'ya'ya, wannan ba tasa ba ce.

Tana kuma kaurara jini. A auna kaurin jini da PSA (gwajin jini na duba prostate, ƙullin da ke ƙasan mafitsarar namiji) bayan wata 3 zuwa 6. In kaurin ya haura kashi 54, likita zai dakatar. Mai kansar prostate ko ta nono an hana shi gaba ɗaya.

A duba lambar NAFDAC, domin jabu sun yi yawa. Ajiyarta ƙasa da digiri 30 ce, ba firij ba, kuma kwalbar da ta sha zafin Afrilu a kantar shago marar fanka ba abin saya ba ce.