Ku yi hattara da masu tallan aikin leza na ido a WhatsApp, ni sun ci albashina na wata uku

Kwana tara kenan ina tunanin in rubuta wannan ko in haɗiye abina, don wallahi kunya nake ji. Albashina na wata uku. Wata uku cur, a tiransifa biyu, na tura wa mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa kallon cikin idona ba.

Shekara 14 ina sa gilashi, lambata -6, in na cire shi mutum ya tsaya a bakin ƙofa sai dai in gane shi da murya. To sai na ga talla a Facebook, wai tawagar likitoci za ta zo yin aikin leza na kwana uku kacal, gurbi kaɗan ya rage. Na danna, ya kai ni WhatsApp.

Kuma kada wani ya zo min nan da cewa ban yi bincike ba, na yi. Na san LASIK, wato tiyatar leza ta ido, ba ƙarya ba ce, tun 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita. Shi ya sa ma na gwada mutumin da ke amsa min a WhatsApp ɗin, na ce ya bayyana min yadda aikin yake, kuma bawan Allahn nan ya amsa daidai. Ya ce Malam, koniya ake gyarawa, wato fatar nan mai haske kamar gilashi da ke rufe da baƙin ido, ita ce ke lanƙwasa yawancin hasken da ke shiga. Mai rashin ganin nesa irinka hasken yana haɗuwa ne tun bai isa bangon bayan ido ba, sai a ɗiga maganin kashe zafi, a ɗaga wani siririn marfi daga koniyar, leza ta kankare tsakiyarta ta ɗan baje, a mai da marfin, lezar kanta ko minti ɗaya ba ta kaiwa. Duk gaskiya ne! Nan ne na saki jiki. Ina zaune a bakin gado na saurari saƙon muryar nan har sau biyu, na juya na ce wa maiɗakina wannan ya san aikinsa. Kalmar da na faɗa kenan, ya san aikinsa. Har yau in na kwanta ita nake ji.

A'a, kafin wannan ma ya ce in ɗauki hoton idona da waya in turo tare da takardar gilashina. Bayan minti goma ya ce likita ya duba, na cancanta. Da hoton waya fa. Na tura rabi a matsayin kafin alƙalami, ya turo risiti mai hatimi, bayan kwana huɗu ya ce saura gurbi biyu in ban cika ba za a ba wani, na cika. Wata uku.

Abin da ya fi ƙona min rai, saura ƙiris in sa Hajiyarmu a ciki, don ya ce lezar tana wanke yanar ido, tana kuma raba tsofaffi da gilashin karatu. Allah ne ya sa kuɗin hannuna suka ƙare.

Sai bayan an ɗage ranar sau biyu, ko kuma bayan ya yi bulokin ɗina ne, na ma rikice, na je wajen likitar ido ta gaske. Ta sa na ɗora haɓata a kan wata na'ura mai zobba-zobba na haske, ta zana taswirar koniyata, ta auna kaurinta. Ta ce ta yawancin mutane wajen maikiron 540 ce, rabin milimita da ɗan ɗoriya, tawa 460, kuma ta hagu ta fara tsini daga ƙasa. Ta ce Malam, leza ragewa take yi ba ƙarawa ba, abin da aka kankare ba ya dawowa, irin idonka in aka rage shi koniyar na iya ɓullowa gaba ganinka ya fi na da lalacewa. Da na faɗa mata zancen Hajiya sai ta ajiye biro, ta ce yanar ido ai a can ciki take, a wani ɗan abu mai kama da gilashi da ke bayan baƙin ido, ciro shi ake yi a sa na roba. Gilashin karatu kuma shi wannan abin ne ke ƙagewa bayan shekara 40, kankare koniya ba ya mai da shi yaro. Ko wanda ya cancanta ma sai ya kai 18, lambarsa ta tsaya cak aƙalla shekara guda, kuma a gaya masa zai iya fama da bushewar ido da ganin zobe kewaye da fitila da dare. Shi gogan naku ko ɗaya bai ambata ba, garanti kawai yake ta cewa.

Wato na biya albashin wata uku a kan aikin da ko na gaske ne ba za a yi min ba. Ni da nake hana abokan aikina danna kowane link.

Duk wanda ya nemi kuɗinka kafin a ɗora haɓarka a na'ura ɓarawo ne, kada ka tura ko sisi. Sikirinshot ɗin hirarmu da risitin da saƙon muryar duk suna nan, zan ɗora su da daddare in na gama rufe lambar akawun ɗina. Jiya na duba, tallar tana nan, sunan shafin kawai suka canza, hoton likitan ma shi ne dai.