Injiniya, akanta ko tarihi: wanne yaron zai bi?

Malam, ka ce ɗanka zai shiga SS1, kai kana so ya zama injiniya, mahaifiyarsa na hango masa aikin banki, shi kuwa hankalinsa na kan tarihi. Gara da ka tambaya tun yanzu, domin ajin da ya zauna bana, na kimiyya ko kasuwanci ko adabi, shi zai yanke darussan da zai cike a JAMB nan da shekara 3.

Injiniyanci shekara 5 ne, a ABU Zariya ko BUK ko ATBU Bauchi. A JAMB sai da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Shekara biyun farko lissafi da kimiyya ne suka fi yawa, kuma nan ake tankaɗe da rairaya. Yaron da sai an riƙe masa hannu yake cin lissafi a sakandare, a aji 2 na jami'a zai fara tara kwasa-kwasan maimaici, 5 ɗin ta koma 6. A aji 4 akwai SIWES, wata 6 na sanin makamar aiki, inda za ka gan shi da hular kwano a wajen gini ko tashar lantarki, galibi kuɗin mota daga aljihunka. Ga kwamfuta, ga kuɗin furojet a shekarar ƙarshe. Bayan bautar ƙasa ma hukuma ba ta san shi da injiniya ba sai ya yi wasu shekaru yana aiki, ya yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Amma wanda ya iya da gaske ba ya rasa na cefane, ko da haɗa sola ne a unguwa kafin babban aiki ya zo.

Akanta shekara 4 ce. Lissafinta bai kai na injiniya zurfi ba, natsuwa da tsari take so. Sai dai digiri kaɗai bai cika kai mutum ko'ina ba, sai ya ɗora da jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci wadda aka kafa a 1965, ko ya bi ta ANAN, wata ƙungiyar akantocin mai kwaleji a Kwall kusa da Jos. Kowace jarrabawa da kuɗinta. Hajiya kuma ta sani, bankuna na ɗaukar masu digiri iri-iri, kuma sabon ma'aikaci sau da yawa yawon neman masu ajiya ake tura shi. Darajar akanta ita ce asibiti, makaranta, kamfani da ma'aikatar gwamnati duk suna bukatar mai riƙe musu lissafin kuɗi. In batun kuɗin ruwa ne ke damun ku, akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, BUK ma na da cibiyar nazarin bankin Musulunci.

Tarihi shi ma 4 ne, kuma ya fi sauƙin kashe kuɗi, littattafai ne da yawan karatu. Ba na jin daɗin yadda ake raina shi. Sashen tarihi na ABU ne ya fitar da Dakta Yusufu Bala Usman, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne ya assasa Arewa House, cibiyar binciken tarihi, a Kaduna a 1970. Amma maganar gaskiya, ba a cika tallar aiki a ce mai digirin tarihi ake nema ba. Sai ya haɗa da wani abu: PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, in koyarwa zai yi, ko iya rubutu da fassara in aikin jarida ne.

Ni dai da takardar sakamakonsa ta JSS3 zan fara. In lissafinsa da kimiyya na da ƙarfi, ya shiga ajin kimiyya, ka tambayi makarantar ko za su bar shi ya haɗa da darasin tattalin arziki. Da wannan zai iya juyawa akanta daga baya, alhali ɗan ajin kasuwanci ba shi da hanyar shiga injiniyanci. In kuwa da ƙyar yake haye lissafi, kada ka tura shi don a riƙa kiran ka baban injiniya. Ka bar shi ajin adabi da darasin gwamnati da adabin Turanci, don da su zai iya neman tarihi, ya kuma iya neman lauya.