Vancomycin ko dashen bayan gida ga zawon C. difficile

Zawon da ƙwayar cutar C. difficile ke haddasawa yakan biyo bayan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ke share ƙwayoyin hanji masu amfani. Vancomycin, wanda shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, yana kashe cutar, amma yana barin hanjin fayau, shi ya sa zawon ke yawan komowa. Dashen bayan gida kuwa, wato sanya bayan gidan lafiyayyen mutum da aka tantance a hanjin majiyyaci, yana mayar da ƙwayoyin da ke hana cutar samun wurin zama. A wani bincike da aka yi a birnin Amsterdam na ƙasar Netherlands, aka wallafa a 2013, dashe ɗaya ya warkar da mutum 13 cikin 16, vancomycin kuma 4 cikin 13. Ga wanda zawon ya ƙi barinsa, na fi amincewa da dashen duk da ƙyamarsa, muddin likita ne zai yi shi a asibiti.