Feshin beyar ko ƙaramar bindiga: amsa ga mai shirin farauta a Montana

Wa alaikumus salam ƙanina. Tsakanin feshin barkono na beyar da ƙaramar bindigar da kake tunanin ratayawa a ƙugu don farautarka ta farko a jihar Montana ta Amurka, ka sayi feshin. Ina da su duka biyun, amma gwangwanin nan ne Allah ya sa ya dawo da ni gida.

Ƙarshen Oktoba ne, lokacin da beyar ke cin duk abin da ta samu kafin ta shiga kogo barcin hunturu. Ni da abokin farautata muka harbi elk, babbar barewar nan, dab da magariba. Muka feɗe, muka ɗauki abin da za mu iya, sauran naman muka rataye a bishiya. Da sassafe muka koma, ashe an riga mu. Girizli ce, wato wata irin ƙatuwar beyar, ga tozon nan a kafaɗa, ta tasa kayan cikin da muka zubar a gaba. Tana ɗago kai ta yo kaina. Doguwar bindigata na rataye a baya, jaka ta danne igiyarta, ko taɓa ta ban samu yi ba. Gwangwanin kuwa yana ɗaure a ƙirjina. Na fizge makullin da babban yatsa, na saita ƙasa-ƙasa a gabanta, na danna. Ta faɗa cikin jan hayaƙin, ta ja birki tana girgiza kai tana tari, sai ta juya cikin itatuwa. Iska ta ɗan dawo mini da shi, na daɗe ina hawaye da majina, gwiwoyina na rawa. Wallahi har yau idan na tuna sai na yi hamdala.

Ka san dabbar nan tana gudun kusan kilomita 55 a awa, wato mita 15 a daƙiƙa guda. Ina lokacin saiti? Feshin bai buƙatar ka zama gwani, domin bajewa yake yi kamar bango, ya kai mita 8 zuwa 9. Binciken Tom Smith da Stephen Herrero na 2008 a Alaska ya nuna kashi 98 cikin ɗari na masu ɗauke da shi sun rabu da beyar ba rauni.

Ita kuwa ƙaramar bindiga, ban ce ba ta da rana ba, musamman in iska mai ƙarfi na bugo ka a fuska. Tawa dai na yi nadamar kuɗinta, nauyi kawai ta ƙara mini. Ga shi girizli tana ƙarƙashin kariyar dokar tarayya tun 1975 a wannan yankin, in ka kashe ta sai jami'ai sun yi bincike.

Sai ka yi hattara da 'yan kasuwa, musamman na intanet. Akwai masu sayar da ɗan mitsitsin feshin da ake sakawa a jaka don ɓarayi, su manna masa hoton beyar. Na gaskiya ba ya gaza giram 225, kuma da lambar rajistar EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, a jikinsa. Wasu kuma tsoffin gwangwanaye suke karyar wa farashi, alhali shekara 3 zuwa 4 yake yi ƙarfinsa ya ragu. Juya shi ka karanta ranar ƙarewa da idonka.

Ba a shiga jirgi da shi, ko a akwati, don haka in ka sauka birnin Bozeman na Montana ka shiga shagon kayan farauta ka sayi biyu, na kamfanin Counter Assault ko UDAP, tare da kubensu na ƙirji. Kada ka fesa a tanti kamar maganin sauro, warin da ya rage jawo su yake yi. Kuma kar ka kuskura ka tura shi cikin jaka.